Sai yaushe za mu daina ɗaukar muryarmu a gidan wasu?

A 1995, shekarar da aka sa hannu kan yarjejeniyar sulhu ta 24 ga Afrilu, marigayi Abdallah Oumbadougou sai da ya je ƙasar Benin kafin ya samu sitidiyon ɗaukar faifansa Anou Malane. A 2008 Mdou Moctar ya tsallaka Sakkwato ya ɗauki Anar. Bombino kuwa, ɗan Agadas, ya ɗauki Nomad a Nashville ta Amurka, aka fitar da shi a 2013, sannan Deran a Kasabalanka. Muna tafa masu hannu, kuma sun cancanta. Amma ina tambayar mahukuntanmu na al'adu: ƙasar da ta haifi waɗannan makaɗan gita, me ya hana ta mallaki ɗakin da za a ɗauki kiɗansu?

Za a ce akwai cibiyar Elhaji Taya a Yamai. Haka ne. To, a gaya wa matashin Segedin, can cikin Kawar, wanda tsakaninsa da Agadas kaɗai akwai fiye da kilomita 700 na rairayi, kafin ya kama hanyar babban birni. Kuɗin motar mutum biyar da kayan kiɗansu sun cinye abin da za su samu a bikin aure goma.

Ni a ganina maganin yana cikin gida, a zaure ko ɗakin baya. Ginin ƙasa mai kaurin bango, wanda ƴan bokonmu ke rainawa, ya fi bulo da kwano riƙe sauti nesa ba kusa ba. Rufin kwano amsa kuwwa yake yi, ga zafi. Ɗakin ya zama mai faɗi da tsawon rufi, kada tsawo da faɗi su zo daidai, domin ɗaki mai kusurwa huɗu daidai yakan tara gurnanin bas wuri guda. Darduma a ƙasa, barguna da tabarmi a bango, mai ganga a can gefe bayan katanga ko labule mai nauyi, don kada ya shiga makirfon mawaƙi. Ƙungiya ce ke kiɗa tare, dole su riƙa ganin juna. Babban abokin gaba shi ne wuta: injin janareto yana shiga faifai kamar ɗan ƙungiya na shida, shi ya sa faifan hasken rana da batir suka fi. Sai ƙura, wadda ke kashe na'ura a hankali.

Kada a ce mafarki ne. Faifan farko na Etran de l'Aïr, No. 1, da ya fito a 2018, a ƙofar gidansu na Agadas aka ɗauke shi, har ana jin guɗar mata. Sai dai Ba'amurke ne ya riƙe makirfon, kamfanin Sahel Sounds ya buga. Ban zarge su ba, sun yi abin da mu muka ƙi yi.

Wanda ya ɗauki sauti shi ke ajiye uwar faifai, shi ke cinikinta. Don haka ina kira ga ma'aikatar al'adu da kantomomi: a sauƙaƙa harajin kwastan kan na'urorin ɗaukar sauti, a horar da matasa masu sarrafa su daga kowace jiha, ofishin kare haƙƙin mawallafa na BNDA kuma ya kai takardun rajista har Bilma da Dirku.