A Saƙon Talla Na Imel, Sauƙi Ya Fi Ado

Mai tsara samfurin saƙon talla da HTML yakan ɗauka abin da ya gani a kwamfutarsa shi kowa zai gani. Kuskure ne mai jawo asara. Tun 2007 tsohuwar manhajar Outlook ta kwamfuta take amfani da injin Word wajen nuna saƙo, shi ya sa ƙwararru ke gina samfuri da tebur mai faɗin kusan fiksel 600. Gmail kuwa yakan yanke saƙon da ya wuce kilobait 102, sai mahaɗin fita daga jerin masu karɓa, wanda ke can ƙasa, ya ɓuya. Wanda ya rasa ƙofar fita sai ya jefa saƙon cikin saƙonnin banza, mutuncin kamfani ya zube.

Haka nan, cusa talla duka cikin hoto ɗaya ganganci ne. Idan manhaja ta toshe hotuna, ko intanet ta yi rauni, farin fili kawai mai saye zai gani. Kamata ya yi a fara da rubutu na gaske, a sa UTF-8 domin ƙ, ɗ da ɓ su fito daidai. Ado ya biyo baya.