Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hukumar Hasashen Yanayi ta NiMet Kan Ƙurar Hunturu

Ranka ya daɗe, Shugaban Hukuma,



Duk shekara iskar hunturu kan kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ta lulluɓe mu. Jirage su kasa sauka a Kano, masu asma su kwana a zaune suna haki. Gargaɗinku kuwa sau da yawa ba ya isa kunnen talaka sai hazo ya riga ya sauka.

Alhali ga kayan aiki. Daga 2006 zuwa 2023 tauraron ɗan'adam na CALIPSO, mallakar Amurka da Faransa, ya riƙa harbo hasken leza ƙasa da na'urar lidar yana auna abin da ya koma masa. Da haka ake gane nisan ƙura daga ƙasa da kaurinta, a bambanta ta da gajimare. Bayanan kyauta ne. Tauraron EarthCARE, wanda Turai da Japan suka harba a 2024, yana ci gaba da irin aikin.

Faɗakar da jama'a haƙƙi ne a wuyanku. Muna roƙon ku horar da ma'aikatanku kan waɗannan bayanai tare da jami'o'in Arewa, ku kuma riƙa sanar da tasowar hazo da Hausa a rediyo tun kafin ya iso.

Wassalam.

Naku,
Wani mazaunin Kano