Ba Kowace "Interest" Ce Sha'awa Ba



Bara, bayan la'asar, goggona mai sayar da atamfa a kasuwar Kejetia ta miƙo mini wata takarda da wasu masu ba da rance suka ba ta. Ta ce, "Kai ɗan makaranta, duba mini ko akwai wani abu a ciki." Na duba, na ga kalmar "interest" har sau uku. A littafina na aji, gaban wannan kalma na rubuta "sha'awa", kuma haka na haddace ta. Sai na ce, "Goggo, cewa suke idan kina da sha'awa ki sa hannu." Ta dangwala yatsa. Da wata ya cika, sai ga su sun zo karɓar kuɗin ruwa. Matar da tunda take kasuwa ba ta taɓa cin bashi da ruwa ba, ni na jefa ta da bakina. Har yau ba ta yi mini faɗa ba, kuma wallahi da ta yi da ya fi mini sauƙi.

Laifina ne, ban musa ba. Amma yadda muke koyon Turanci ma yana da nasa kason. Ana rubuta kalmomi a allo, Turanci a hagu, Hausa a dama, mu haddace, mu zuba a jarrabawa, shi ke nan. Abin mamaki, a Larabci ba mu taɓa yin haka ba. Ku tuna ranar da Malam ya tambaye mu ma'anar "ainu". Wani ya ce ido, Malam ya ce kawo jumlar tukuna. Domin ainu ido ce, idon ruwa ce, ɗan leƙen asiri ma ainu ne, haka ainihin abu. Babu wanda zai yarda ka fassara ta kai tsaye ba ka ga abin da ke gabanta da bayanta ba. To me ya sa muke ɗauka Turanci bai da irin wannan?

Yana da ita fa, har ta yi yawa. "Fast" sauri ne, kuma azumi ne. "Fine" ita ce muke amsa gaisuwa da ita, amma idan ɗan sanda ko alƙali ya faɗa maka ita, tara ce, ka shirya sidi. "Charge" kuwa ta fi su rikici: cajin waya, kuɗin da za a caje ka a asibiti, da tuhumar da ake karanta wa mutum a kotu. Wanda ya san guda ɗaya kawai, gara wanda bai san komai ba, don shi aƙalla zai je ya tambaya.

Akwai kuma wata matsalar, ta sa wa Hausa rigar Turanci. Mu "ji" ɗaya gare mu, da ita muke jin magana, jin wari, jin zafi, shi ya sa za ka ji yaro ya ce "I hear the smell". "Ara mini biro" ya koma "borrow me your pen", alhali "borrow" mai karɓa ne ke yin ta, mai bayarwa "lend" yake yi. Baƙon da ya sauka gidanku ka kira shi "stranger", wanda a Turancin littafi mutumin da ba ka sani ba ne sam. A cikin trotro kowa zai gane ka, babu damuwa. Mai makin WASSCE ne ba zai tausaya maka ba, kuma in ba ka samu C6 a Turanci ba, ƙofar jami'a sai dai ka hango ta.

Na san akwai masu cewa mu Larabci muka zo koya, Turanci ƙari ne. Ban raina wannan magana ba. Sai dai a zango, yaron da ke zuwa makaranta shi ne mai karanta wa gida duka: takardar asibiti, saƙon waya, takardar fili. Ba wanda ke tambayar ko makarantar Larabci yake. Saboda haka roƙona ga malamanmu shi ne kada a ƙara ba mu kalmar Turanci tsirara. A ba mu ita cikin jumla biyu ko uku masu ma'ana daban, kamar yadda ake mana a darasin nahawu, ko da za mu koyi kalma biyar a mako maimakon ashirin.

Goggo ta daina kawo mini takarda kusan shekara guda, 'yar maƙwabciyarmu take kai wa. Makon jiya ne ta sake miƙo mini ɗaya, ta kuɗin shago. Na ɗauko ƙamus, na zauna a kan kalmar "due" kusan rabin awa, sannan na ce mata ta bari gobe in tambayi Malam.