JIDDA BA KASUWA DA FILIN JIRGI KAƊAI BA CE

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Bayan haka, a makon jiya, muna fitowa daga sallar Isha'i a nan Kinkinau, sai wani maƙwabcinmu ya tare mu da tambaya. Ya ce zai tafi Umra da iyalinsa, kuma bayan sun gama suna da kwana uku a Jidda kafin jirginsu ya taso. To, ina zai sauka, me kuma zai nuna wa 'ya'yansa? Mun ga ya kamata mu amsa a wannan fili, domin da yawa daga alhazanmu ba su san kome a Jidda ba sai kanti da awon kaya, alhali kuwa gari ne mai tarihi.

Halifa Usmanu ɗan Affan, Allah Ya yarda da shi, shi ne ya mai da Jidda mashigar Makka ta teku a shekara ta 26 bayan Hijira. Tun daga nan jiragen ruwa ke sauke alhazai a gaɓarta ta Bahar Maliya. Wanda ke son ganin gurbin wannan tarihi, sai ya nufi tsohon gari, wanda suke kira Balad. Dā ganuwa ta kewaye shi kamar ta Kano ko Zariya, sai a 1947 aka rushe ta. Gidajensa dogaye ne, an gina su da dutsen murjani na teku, tagoginsu na katako ne da aka sassaƙa yadda iska za ta shiga ba tare da idon mai wucewa ya shiga ba. A nan Gidan Nasif yake, wanda aka gama a 1881, inda Sarki Abdul'aziz ya sauka da ya karɓi garin a 1925. A nan kuma Masallacin Shafi'i yake, ɗaya daga masallatan garin mafiya daɗewa. A 2014 hukumar UNESCO ta sanya Balad cikin wuraren tarihi na duniya.

Kusa da nan akwai maƙabartar da ake dangantawa da Uwarmu Hauwa'u. Matafiyi Ibnu Jubairu, wanda ya ratsa Jidda a 1183, ya ambaci wurin, amma babu wani hadisi ingantacce da ya tabbatar a nan take kwance. An rushe ginin da ke bisa kabarin a 1928. Saboda haka wanda ya je, ya yi wa mamatan Musulmi sallama da addu'a, kada ya kai bukatarsa ga ƙasa da duwatsu.

Da la'asar sakaliya, idan zafi ya sassauta, sai a kai yara bakin teku, wurin da ake kira Kornish. Akwai Masallacin Rahma da aka gina a 1985 bisa ginshiƙai cikin ruwa, har in ruwa ya cika sai ka ce yana iyo. Akwai kuma maɓuɓɓugar Sarki Fahad mai cilla ruwa sama wajen mita 300. Yaron da bai taɓa ganin ruwan da ya wuce Kogin Kaduna ba, in ya tsaya gaban tekun da ba ya hango ƙarshensa, ya sami darasin tauhidi wanda zai daɗe bai manta ba.

Game da masauki kuwa, iri uku ne. Otel-otel na bakin teku suna da kyau, amma suna da tsada. Na kewayen Balad sun fi sauƙi, ga kasuwa kusa, sai dai akwai cunkoso. Mai iyali kuwa, mun fi ba shi shawarar gidajen haya masu kayan ɗaki, inda uwargida za ta iya girki, a kuma raba wa yara maza da mata makwanci. Kowanne mutum ya zaɓa, ya fara tambayar nisansa da masallaci, ya ga ɗakin da idonsa, a yanke kuɗi kafin ya shigar da kaya. Kada kuma ya ci bashi don a ce ya kwana a bakin teku, ya dawo gida masu bashi na sallama a ƙofarsa.

Saura hukuncin salla. A mazhabar Imamu Malik, matafiyin da bai yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ba yana ƙasaru. Maƙwabcin namu ke nan zai sallaci Azahar da La'asar da Isha'i raka'a bibbiyu, sai fa in ya bi liman mazaunin gari, to sai ya cika. Yawon buɗe ido halal ne matuƙar bai kai mutum ga saɓo ba, bai kuma sa shi tozarta salla ba.

Tsarabar darduma da agogo takan tsufa, amma abin da yaro ya gani da idonsa yana nan tare da shi. Allah Ya kai su lafiya, Ya dawo mana da su lafiya, amin. Wassalamu alaikum, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.