Kufan Kuza Ba Juji Ba Ne

Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Haka muka yi wa garuruwan haƙar kuza na tsaunukan Jos, kuma ina ƙalubalantar duk mai cewa kufan nan tarkacen mulkin mallaka ne da ya dace tsatsa ta cinye.

Tun kafin zuwan Turawa mutanen Riruwai ke narkar da kuza suna fatauci da ita. Da kamfanonin Ingila suka mamaye ma'adinan, sai aka shimfiɗa siririn layin dogo daga Zariya, ya isa Bukuru a 1914, aka rufe shi a 1957. An laƙaba masa sunan Bauchi alhali bai taɓa shiga birnin Bauchi ba, domin aikinsa guda ne: kwasar kuza zuwa bakin teku. Kakanninmu ne suka fasa duwatsun, suka ɗauki kwanon ƙasa a ka. Daga 1942 zuwa 1944, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, an tilasta wa talakawan lardunan Arewa zuwa ramukan, abin da ake kira diban gwamna. Sanyi da yunwa da cuta suka hallaka da yawa daga cikinsu.

Masu son a manta suna da hujja. Sun ce riba ta tafi Ingila, aka bar wa Birom lalatattun gonaki da kududdufai masu cin mutane da dabbobi. Gaskiyarsu. To, ai wannan ɓarnar ce ta wajabta adanawa. In aka rushe barikin lebura, 'yan gwangwan suka kwashe sauran ƙarafan, me zai ba da shaidar zaluncin? Wanda ya ci amanarka ba abin da yake so kamar ka share sawunsa da hannunka.

Kada a manta, wurin haƙar kuza aka fara tono gumakan Nok da muke alfahari da su. Mun killace abin da leburori suka tono, mun watsar da leburorin.

Ina kira ga hukumar gidajen tarihi ta ƙasa da ta sa alama a tsofaffin tashoshin layin, ta kare barikokin da suka rage a Bukuru da Barikin Ladi, ta naɗi muryoyin dattawan da suka yi aikin kuza tun suna da rai. Ƙarfe yana iya jiran gwamnati ta farka, tsoho ba zai iya ba.