Marubuci Ma Yana Bukatar Masauki

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, a ƙasarmu in attajiri ya tashi yin alheri, rijiya yakan haƙa ko ya gina masallaci. Madalla da wannan. Amma ni ina ganin akwai wani alherin da muka yi wa riƙon sakainar kashi, watau ba marubuta da masu zane masauki inda za su zauna su yi aikinsu cikin natsuwa.

A Amurka akwai wani gida irin wannan mai suna MacDowell, wanda aka kafa tun 1907. Ƙungiyar da ke riƙe da shi ba riba take nema ba, gudummawar jama'a ce ke tafiyar da ita. Kowane baƙo da ɗakinsa a cikin daji, abincin rana ma a kwando ake ajiye masa a bakin ƙofa, don kada a katse masa tunani.

Kada a ce abin na Turawa ne. A garin Iseyin ta Jihar Oyo, Dokta Wale Okediran ya buɗe gidan marubuta na Ebedi a 2010. Marubuci yakan yi mako shida a can bai biya ko kwabo ba. Abin da ya fi burge ni shi ne sharaɗin da aka gindaya masa: dole ya riƙa ware lokaci yana koya wa 'yan sakandaren garin dabarun rubutu. Mu nan fa, sunayen marubuta kawai muke haddacewa saboda jarrabawa, da yawanmu ba mu taɓa ganin ko ɗaya ido da ido ba.

Na san wani uba zai ce, ana fama da abin sawa a bakin salati, wa zai ciyar da ƙato yana zaune yana rubutu? To, Baba, a tuna da Magana Jari Ce. A 1936 aka ɗauke wa Malam Abubakar Imam aikin koyarwa a Katsina, aka kai shi Zariya, ya yi wata shida ba shi da aiki sai rubutu. Da an bar shi da alli da gyaran littattafan yara, yaushe zai sami sukuni? Ga shi har yau ana karanta littafin a makarantunmu.

Wancan aikin hukuma ne, ita kuwa hukuma yau abubuwa sun yi mata yawa. Shi ya sa nake kira ga ƙungiyar tsofaffin ɗalibanmu da ta iyaye da malamai. Gida ɗaya ya isa, da tebur da fitila da tuwo. A gayyato marubucin Hausa guda kowane zango, ya yi aikinsa, ran Asabar kuma ya zauna da mu 'yan ƙungiyar Hausa, ya duba mana abin da muka rubuta.