Kada A Yi Gaggawar Goge Had-disk Don Kwamfuta Ba Ta Gan Shi Ba

Malam Edita,

Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana da 'yan'uwana masu ɗaukar bidiyo da hoto, da masu shagunan buga takardu, da duk wanda abincinsa ke cikin kwamfuta. Ni mai ɗaukar bidiyon biki ne a Gawu Babangida, hedikwatar ƙaramar hukumar Gurara. Sana'ar tana kai ni Lambata da Diko da ƙauyukan kewaye, wani lokaci har Suleja. Aure, suna, walimar sauka, duk abin da na ɗauka yana cikin had-disk uku na waje, ƙananan nan da ake jonawa da wayar USB.

Bayan ƙaramar Sallah wata baiwar Allah ta zo neman bidiyon bikin 'yarta na shekarun baya. Mahaifin matar ya rasu, kuma yana cikin bidiyon yana sa wa jikarsa albarka. Ban tuna wanne cikin ukun ke ɗauke da shi ba, sai na jona su gaba ɗaya ta 'yar na'urar nan mai baki huɗu da muke kira hob. Laftof ta nuna ɗaya. Na biyu fitilarsa a kunne amma bai fito ba. Na uku sai ƙara yake ƙas-ƙas, ya ɗauka ya saki. Gabana ya faɗi. Washegari na hau mota zuwa Suleja wurin wani mai gyara. Da ya jona na ukun, saƙo ya fito cewa sai an yi masa fomat. Kafin in buɗe baki ya danna, sannan ya loda masa finafinai don ya nuna mini yana aiki. Aikin shekara huɗu ne a ciki, kuma shi kaɗai ne ban yi wa kwafi ba.

Ɗan yayata da ke karatun kwamfuta a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna ya zo hutu, na ba shi labari. Ya ce, "Kawu, na ukun nan tun farko ba lalacewa ya yi ba, yunwar wuta ce." Abin da ya koya mini shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Irin waɗannan ƙananan had-disk ba su da caja, daga kafar USB suke shan wuta. Tsohuwar kafa, USB 2.0, miliamfa 500 aka tsara mata ta bayar. USB 3.0, wadda galibi cikinta shuɗi ne, tana ba da 900. A cikin had-disk kuwa akwai faifai da ke juyi wajen sau 5,400 a minti, kuma ya fi jan wuta a daidai lokacin da zai tashi. Idan ka jona uku a hob marar cajar kansa, tuwon mutum ɗaya ka ajiye wa ƙarti uku. Wani ya tashi, wani ya kasa, wani ya yi ta tashi yana faɗuwa. Wannan ɗaukewa da dawowa tana iya rikita jadawalin da ke nuna inda kowane fayil yake, har kwamfuta ta ce ba ta gane shi ba, alhali bidiyoyin suna nan kwance.

Don haka abu na farko shi ne a cire hob, a jona kowanne shi kaɗai kai tsaye a jikin kwamfuta. In babbar kwamfuta ce ta kan tebur, a yi amfani da kafofin baya. In laftof ce a sa ta a caji, domin idan an ɗauke wuta ta koma kan batir, Windows kan rage wa kafofin USB ƙarfi don tattali, mu kuwa a nan rabin aikinmu a kan batir muke yi. A gwada wata waya, gajeriya mai kauri, don wayar takan mutu daga ciki ba a sani ba. Wanda dole sai ya jona da yawa lokaci guda, ya nemi hob mai cajar kansa. Amma in an yi duk wannan ƙarar ba ta daina ba, a zare shi nan take, kada a ci gaba da gwadawa, ciwon na cikin inji ne.

Na biyun nawa labarinsa daban, kuma shi ya fi ba ni mamaki. Yaron ya danna hannun dama na linzami a kan maɓallin Start, ya buɗe wani wuri mai suna Disk Management. Nan ne kwamfuta ke jera duk had-disk da ta gani, har waɗanda ba ta nuna maka ba. Sai ga shi, an rubuta Offline a gefensa. Ashe lokacin da aka kwafe mini na farko zuwa na biyu, da manhajar da ke kwafe komai da komai aka yi, har da lambar shaidar da Windows ke bambance su da ita. Sun zama tagwaye masu suna ɗaya, ita kuwa idan ta ga haka sai ta karɓi ɗaya ta jingine ɗayan. Ya danna Online, komai ya fito lafiya lau. A wurin ne kuma ake gane wanda bai samu harafi ba, irin D ko E, a ba shi, shi ke nan. Haka kuma had-disk da aka shirya a kwamfutar Apple da tsarin APFS, Windows ba ta karanta shi. Masu kai aikin tacewa Abuja su lura da wannan, tsarin exFAT ne duka biyun ke ganewa.

Inda nake so a tsaya shi ne nan. Idan aka ga an rubuta RAW, ko kwamfuta ta nemi a yi fomat ko a shirya shi kamar sabo, a janye hannu. Ko an riga an yi fomat irin na sauri, akasarin bayanan ba su tafi ba, jadawalin kawai aka share, kuma akwai manhajojin da ke tono su. Abin da ke kashe su shi ne a zuba sabon abu a kai. Finafinan nan da aka loda mini su suka binne aikina. Yaron ya kwana biyu yana tono, ya ceto wasu, wasu suka fito a yayyage ba sa buɗewa. Bidiyon baiwar Allah nan yana cikin waɗanda ba su buɗe ba. Ranar da na faɗa mata ba ta zage ni ba, cewa ta yi Allah ya sa haka shi ne mafi alheri, kuma wannan ya fi zagi yi mini nauyi.

Ina kira ga masu gyara, don Allah ku tambayi mai kaya abin da ke ciki kafin ku danna komai. Amana ce aka kawo muku, ba ƙarfe ba. Kai kuma Malam Edita, da za ka ware shafi ko sau ɗaya a wata da zai riƙa bayanin irin waɗannan abubuwa da Hausa, da ka taimaki dubban masu sana'a, domin saƙonnin kwamfuta da Turanci suke fitowa, da yawanmu kuma dannawa muke yi don su kauce.

Yanzu na sayi hob mai caja, kuma kowane aiki ina ajiye shi a wuri biyu. Ina kuma bin dangin ango gida-gida, ko Allah zai sa a samu wanda faifan DVD da na raba a lokacin bikin ke hannunsa har yau.

Naka,
Wani mai ɗaukar bidiyo,
Gawu Babangida, Jihar Neja.